Tafin ƙafa ya kwanta bayan girma: takalmin gyara, gyaran ƙashi, ko haɗe gaɓoɓi?

Kwanciyar tafin ƙafa iri biyu ce, kuma wanda bai raba su ba zai kashe kuɗinsa a banza. Ta farko ita ce wadda aka tashi da ita tun ƙuruciya: ƙafafun biyu duka a shimfiɗe, babu kwarmi a tafin, babu kuma ciwo. Wannan halitta ce. Wani bincike da aka yi a kan sababbin sojojin Amurka, aka buga a 1993, ya nuna masu shimfiɗaɗɗiyar ƙafa ba su fi sauran jin rauni a wajen horo ba, masu kwarmi mai zurfi ne ma suka fi. Mai irin wannan ƙafa ya ci gaba da harkarsa, kada ya bari a sayar masa da komai.

Ta biyun ce abin magana. Takan zo bayan shekara arba'in, galibi a ƙafa ɗaya, kuma mata ta fi kamawa. Tana farawa da ciwo da kumburi a bayan idon sawu ta ciki, ciwon da ke ƙaruwa in an daɗe a tsaye ko an yi doguwar tafiya. Sannu a hankali kwarmin tafin ya sauka, dunduniya ta karkace waje, yatsu su juya gefe, takalmi ya riƙa cinyewa ta ɓangare ɗaya. Can gaba ciwon yakan koma wajen idon sawu, saboda ƙashin dunduniya ya fara gugar siririn ƙashin ƙwauri. Da yawa sukan ɗauka sauƙi ne ya samu tunda ciwon ya sauya wuri, alhali abin gaba ya yi. A Ingila, wani bincike na 2009 ya gano kashi 3.3 cikin 100 na matan da suka haura arba'in suna fama da wannan ciwo, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da aka taɓa gaya wa abin da ke damunta. In a can haka ne, ina ga matan da ke yini tsaye a kan kaskon suyar makala a Garwa ta Kamaru, da masu tallar nono da ke shigowa Marwa da ƙafa tun asuba. Da yake mata ne mafi yawa, da su zan yi magana kai tsaye, maza su ɗauki nasu a ciki.

Akwai wata tsoka can cikin sha-raɓa wadda jijiyarta ke saukowa, ta zagaya bayan idon sawu na ciki, ta kama ƙasusuwan tsakiyar ƙafa. A kowane taku ita ke ɗaga kwarmin tafi, ta ɗaure ƙafar ta yi ƙarfi kafin ki ture ƙasa. Daidai inda take shan kwana a bayan ƙashin nan jini bai cika isarta ba, kuma a nan take cinyewa, kamar yadda igiyar guga ke tsinkewa zare-zare a wurin da take gugar itacen bakin rijiya. In ta saki, nauyin jiki ya faɗa kan igiyoyin da ke ɗaure da ƙasusuwan, su ma su miƙe. Likitoci biyu na Amurka, Holmes da Mann, sun nuna tun 1992 cewa ƙiba, hawan jini, ciwon sukari, tsohon rauni da magungunan kotizon suna yawan tafiya tare da wannan lalura. Johnson da Strom suka kasa ta mataki uku a 1989, Myerson ya ƙara na huɗu daga baya, sannan a 2020 wani taron ƙwararru ya sake tsarin, ya sa tambaya guda a kan gaba: ƙafar tana lanƙwasuwa har yanzu, ko ta riga ta ƙage? Duk zaɓin da za ki yi a kan amsar wannan tambaya yake.

Kina iya fara dubawa a gida. Tsaya babu takalmi, ki fuskanci bango, wata ta tsuguna a bayanki ta kalli dugaduganki. A lafiyayyar ƙafa, ƙaramin yatsa da na kusa da shi kaɗai za ta hango ta gefe. A mai ciwon za ta ga uku ko huɗu sun leƙo. Sai ki dafa bango da yatsun hannu, ki ɗaga lafiyayyar ƙafar, ki gwada yin ɗage a kan mai ciwon ita kaɗai. Wadda jijiyarta ke da saura za ta ɗagu, ko da da zafi. Wadda tata ta gaza za ta yi ta ƙoƙari, gwiwa na rawa, dunduniya ta ƙi barin ƙasa. Sauran gwajin na likita ne. Zai zaunar da ke, ya riƙe dunduniyar a tafin hannunsa, ya ce, "Hajiya, saki ƙafar, kada ki taimake ni," ya juya ta zuwa ciki. In ta biyo hannunsa ta dawo daidai, ƙafar na da sauran laushi. In ta tsaya cak, ta ƙage. Ki tabbata kuma an ɗauki hoton ƙashin kina tsaye da nauyinki a kan ƙafar, domin hoton da aka ɗauka a kwance yakan ɓoye karkatar, har a ce miki babu komai.

Hanyoyi uku ne a gabanki. Ta farko babu wuƙa a cikinta: takalmin gyara ko shimfiɗar da ake sa wa a cikin takalmi, tare da motsa jijiyar a wajen masu gashin ƙashi na asibiti. Mutane sun raina wannan hanya, suna ganin likita ya rasa abin yi ne ya sallame su, amma alƙaluman bincike suna bayanta. Alvarez da abokan aikinsa sun bi marasa lafiya 47 masu ƙafa mai laushi, suka buga sakamakon a 2006. An ba su abin tallafa ƙafa da motsa jiki mai tsari na kimanin wata huɗu. Kashi 89 cikin 100 suka gamsu, kashi 11 kaɗai aka yi wa aiki. Wani binciken na 2008, na Lin da abokansa, ya fi wannan nisan zango: bayan fiye da shekara takwas, kusan kashi 70 cikin 100 ba a yi musu aiki ba, kuma sun ajiye takalmin gyaran gaba ɗaya. Sai dai a lura, sun sa shi kusan wata 15 kafin su ajiye. A 2009 wata mai bincike, Kulig, ta raba mutum 36 gida uku na wata uku, kowa da shimfiɗar takalmi. Duka sun samu sauƙi, amma waɗanda aka haɗa musu da motsin ƙarfafa jijiyar sun fi samu.

To amma waɗannan mutane duka masu sa rufaffen takalmi ne tun safe har dare, kuma a nan ne namu ya sha bamban. Shimfiɗar gyara ba ta zama a kan silifa. Mu kuwa silifa ce takalminmu, muna cire ta a ƙofar ɗaki, a masallaci, a bakin tabarma, a wajen alwala, sau ba adadi a yini. Takalmin gyara mai kama idon sawu na roba ne ko na fata, kuma a Garwa cikin watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, sa shi ba ƙaramin haƙuri ba ne. Na ga dattijuwar da aka yi wa nata, mai kyau kuwa, ta naɗe shi a leda ta sa a ƙasan akwati, sai ranar komawa asibiti take fito da shi. Da ɗiyarta ta ce, "Inna, ai don a sa aka yi shi," sai ta ce, "Yarinya, da wannan ƙaton abu zan shiga gidan biki?" Ban ga laifinta sosai ba, domin babu wanda ya zauna ya gaya mata cewa takalmin nan shi ne maganin, kamar ƙwaya. Wadda za ta bi wannan hanya ta san abin da ta ɗauka: takalmi sau-ciki mai igiya, mai taurin baya, ko na gwanjo ne, safar auduga biyu ko uku ana sauyawa, sa shi har a tsakar gida lokacin girki da wanki, duba fata kowane dare, da motsa ƙafar kullum ba fashi. Rage nauyi ma yana cikin maganin, ko da kaɗan ne. In an yi wata uku zuwa shida a haka da gaske ciwon bai ragu ba, ko ƙafar na ƙara karkacewa, sannan a ce hanyar ta gaza. Sati biyu na sawa da cirewa ba gwaji ba ne.

Abin da wannan hanya ba ta yi shi ne mayar da kwarmin da ya riga ya sauka. Tana kashe ciwo, tana ƙara ƙarfi, amma siffar ƙafa tana nan. Alherinta kuwa, in ba ta yi ba, ba ki rasa komai ba sai ɗan kuɗi da lokaci. Ana yin irin waɗannan takalma a cibiyoyin gyaran gaɓoɓi, kamar cibiyar ƙasa da ke Etug-Ebe a Yawunde, da cibiyar Kabalaye a Njamena, wadda ta fi kusa ga mutanen Kusuri. Wanda aka auna a ƙafarki ya fi na kanti nesa ba kusa ba.

Hanya ta biyu aiki ne na gyara, wanda ke barin gaɓoɓin suna motsi. Ba a yin sa sai ga ƙafa mai laushi wadda guringuntsinta bai cinye ba. Ba aiki ɗaya ba ne, tarin ayyuka ne da likita ke harhaɗawa gwargwadon karkatar. Ginshiƙinsa biyu: a yanke ƙashin dunduniya, a gusar da shi zuwa ciki kimanin santimita ɗaya, a ɗaure da kusoshi (Koutsogiannis ne ya bayyana wannan dabara a 1971), sannan a ɗauko jijiyar da ke lanƙwasa ƙananan yatsu a dasa ta a madadin wadda ta lalace. Yatsun ba sa mutuwa, domin akwai wasu jijiyoyin da ke riƙe musu aikin. Sau da yawa akan sassauta agara ko tsokar sha-raɓa, saboda taurinsu na cikin abin da ke danne kwarmin tun farko.

Sakamakonsa ya yi kyau a rubuce. Myerson da abokansa sun bi mutum 129 na kimanin shekara biyar, suka buga a 2004: kashi 97 cikin 100 ciwonsu ya ragu, kashi 92 sun gamsu ƙwarai, kashi 84 suna sa takalmi ba tare da wani gyara ba. A Ostireliya, wani bincike na 2015 ya duba mutum 31 bayan kimanin shekara 15, ya samu kashi 87 cikin 100 suna tafiya lafiya. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa wa marar lafiya ba. Guyton da abokansa sun tambayi nasu marasa lafiyar a 2001 yaushe suka ji sun kai ƙarshen samun sauƙi, tsakiyar amsoshin ta faɗa kan wata 10. Rabinsu kaɗai suka ga siffar ƙafar ta sauya a idonsu. Wato mai neman sauƙin ciwo za ta samu, mai neman kyakkyawar ƙafa ta biki tana iya jin an cuce ta.

In gaban ƙafar ya juya waje da yawa, gusar da dunduniya kaɗai ba ya isa. Sai a ƙara da tsawaita gefen ƙafa na waje, dabarar da Evans ya wallafa a 1975: a tsaga ƙashin dunduniya ta gaba, a cusa guntun ƙashi a tsagar. Wannan ya fi kowanne ƙarfin dawo da kwarmi, kuma shi ya fi jawo ƙorafi. In an zarce kaɗan, nauyi ya koma gefen ƙafa na waje, a samu sabon ciwo da tauri a inda da babu. Guntun ƙashin ma wani lokaci yakan ƙi kamawa, kuma inda babu ma'ajiyar ƙashi daga ƙugunki za a ɗebo shi, ciwo ya zama wuri biyu. Akwai kuma wata ƙaramar dabara ta cusa wani ƙarfe a ramin da ke gaban idon sawu na waje don ya tokare dunduniya. Yankan ƙarami ne, shi ya sa take da daɗin ji, amma a wani bincike na 2006 kan manya, kusan rabin ƙafafun sun samu ciwo a wurin, an kuma cire ƙarfen a fiye da kashi ɗaya cikin uku. Ga wadda asibitinta ke da nisan yini guda a mota, aikin da ke iya neman a sake buɗewa ba mai sauƙi ba ne, ko da yankansa bai kai ɗan yatsa ba.

Hanya ta uku ita ce haɗe gaɓoɓi. A kankare guringuntsin gaɓoɓin bayan ƙafa, a daidaita ƙafar, a ɗaure da kusoshi har ƙasusuwan su zama ɗaya. Wadda aka fi sani ita ce ta gaɓoɓi uku, wadda Ryerson ya bayyana tun 1923, zamanin da shan-inna ke nakasa yara a Turai da Amurka. Yanzu likitoci da dama suna haɗe biyu su bar ta gefen waje. Wannan ce hanyar ƙafar da ta ƙage ko guringuntsinta ya cinye. Akan kuma zaɓe ta ga mai nauyi sosai, ko tsohuwa, ko mai ciwon sanyin gaɓoɓi, domin a irin wannan jiki gyaran jijiya yakan sake saki.

Mutane suna jin "haɗewa" sai su ɗauka ƙafar za ta zama itace. Ba haka ba ne. Gaɓar idon sawu tana nan, ƙafa na hawa sama tana sauka ƙasa, yatsu na lanƙwasuwa. Abin da ke tafiya shi ne juyin gefe da gefe, kuma yana tafiya kusan gaba ɗaya: wani gwaji na 1997 ya nuna haɗe gaɓa ɗaya tak, wadda ke gaban ƙashin idon sawu ta ciki, ya bar wa sauran motsin kimanin digiri 2 kacal. A kan siminti ko kwalta ba za ki rasa wannan motsi sosai ba. Za ki neme shi a cikin yashin mayo, wato busasshen kogi, a kunyar gona, a kan duwatsun Mandara, a hanyar unguwa da ruwan damina ya zaizaye. Za ki neme shi kuma a zaman tahiya, inda ƙafar hagu ke kwanciya a karkace ta dama kuma a kafe. Da yawa sukan sami yadda za su zauna, wasu kuma su miƙe ƙafar ko su koma kujera, kuma addini ya ba da wannan dama. Amma gara ki sani tun kafin a shiga ɗakin aiki. Ki nuna wa likita yadda kike zama a salla da yadda kike tsuguno a bayan gida, ki tambaye shi wanne zai rage.

Ƙarfin wannan aiki shi ne ɗorewa. A jihar Ayowa ta Amurka, Saltzman da abokansa sun bi ƙafafu 67 na mutum 57, akasarinsu an yi musu aikin suna matasa saboda shan-inna da makamantansa, suka duba su bayan shekara 25, suka sake dubawa bayan shekara 44. Kashi 95 cikin 100 sun ce sun gamsu. Amma a duban ƙarshe babu idon sawu ko ɗaya da bai nuna alamar cinyewa a hoto ba, domin aikin da gaɓoɓin da aka haɗe suka bari, maƙwabtansu ne ke ɗauka. Shi ya sa shekaru ke da nauyi a wannan zaɓi. Ga mai shekara 68 wannan lissafi na nesa ne. Ga mai 42 da ke da sauran noma da kasuwa da goyon jikoki a gaba, abin a tsaya a yi tunani ne, kuma shi ne babban dalilin da ya sa ba na son ganin mace ta zauna da ƙafa mai laushi shekara da shekaru tana shan maganin kashe zafi har ta ƙage. Ranar da ta ƙage hanya ta biyu ta rufe, babu likitan da zai iya buɗe ta.

In an jera alƙaluman gamsuwa, 89 da 92 da 95, za a ga kusan ɗaya suke, kuma kuskure ne a zaɓa da su, domin ba mutane iri ɗaya aka gwada ba: na farko ciwonsu bai yi nisa ba, na ƙarshe akasarinsu matasa ne masu wata cuta daban. Yawancin waɗannan bincike ma bin marasa lafiyar likita ɗaya ne, ba gwaji ne da aka raba mutane da ƙuri'a aka kwatanta aiki da aiki ba. Kuma an yi su ne a inda marar lafiya ke da mota, da bayan gida na zama, da mai gashi a kusa. Abin da ya fi dacewa a auna shi ne abin da kowace hanya ke nema daga gare ki, da abin da zai biyo baya in ba ta yi ba.

Ayyukan biyu duka suna neman kada ki taka ƙafar sam. Bayan gyaran ƙashi, kimanin sati shida a cikin siminti, wato ɗaurin filasta na asibiti, da sandunan hammata. Bayan haɗe gaɓoɓi, sati shida zuwa goma sha biyu, sai hoto ya nuna ƙashi ya kama. Daga nan takalmin kariya, daga nan gashi, kumburi kuwa yakan kai watanni, cikakken sauƙi ya doshi shekara. A zauna a lissafa wannan da gidan da ake ciki. Wa zai ɗebo ruwa? Wa zai riƙe kasuwar? Masai na tsuguno ba ya yiwuwa da ƙafa ɗaya, sai an tanadi kujera mai huda tun kafin ranar aiki. Hawa bayan kilando, wato babur na haya, da siminti a ƙafa kasada ce. In a Yawunde ko Duwala za a yi aikin, akwai doguwar hanyar mota daga Garwa zuwa Ngaundere, ga kwana a jirgin ƙasa, sannan komawa ganin likita ba sau ɗaya ba. Doguwar tafiya da ƙafa a rataye cikin siminti tana ƙara haɗarin daskarewar jini a jijiya, don haka a tambayi maganin kariya, a kuma nemi masauki kusa da asibitin na makonnin farko. Wadda ba ta da mai ɗauke mata hidima na wata uku ba ta shirya wa aiki ba tukuna, ko kuɗin na hannunta. Taka ƙafa kafin lokaci yana iya karya kusoshi ya gusar da ƙashin, kuma aikin gyaran abin da ya lalace ya fi na farko wuya.

Abubuwa biyu ke sauya lissafin gaba ɗaya. Na farko sukari. Wukich da abokansa sun duba ayyukan ƙafa 1,000 a Amurka, suka buga a 2010: ciwon ya ruɓa a kashi 13.2 cikin 100 na masu sukari, a kashi 2.8 na marasa shi, kuma haɗarin ya fi yawa ga waɗanda ƙafarsu ta daina ji. Mai sukari ta yi gwajin jinin da ke nuna matsakaicin sukarinta na wata uku, likitoci da yawa ba sa son taɓa ƙafa sai ya sauka ƙasa da 8. Na biyu taba, wannan kuma maza ya fi shafa. Wani bincike na 2002 ya nuna ƙin kamawar ƙashi bayan haɗe gaɓoɓin bayan ƙafa ya ninka sau 2.7 a wajen masu shan sigari. Wanda ba zai iya ajiye ta ba, gara ya zauna da takalmin gyara.

Game da abin da ake yi kafin a kai ga asibiti, maɗori yana da gwanintarsa a karaya, amma a nan babu abin da ya karye, ja da murza ba sa ɗinke jijiyar da ta cinye. Tsaga da ƙaho a bayan idon sawu na ciki sun fi ba ni tsoro, domin babbar hanyar jini da jijiyar jin tafin ƙafa a nan suke bi, kuma ta wannan fata likita zai shiga in aiki ya kama. Allurar kotizon a kan jijiyar tana kashe zafi na ɗan lokaci, tana kuma iya ƙarasa tsinka ta. Maganin siprofuloksasin, wanda ake sha barkatai da sunan taifot, hukumar magunguna ta Amurka ta sa masa babban gargaɗi tun 2008 kan tsinkewar jijiya, musamman ga tsofaffi da masu shan kotizon. Mai wannan ciwo ta gaya wa duk wanda zai rubuta mata shi.

Da 'yar'uwata ce ta tambaye ni, ga abin da zan ce. In kina iya ɗage ko da da zafi, ko ƙafar na biyo hannun likita, fara da takalmin gyara da gashi, ki ba su wata shida na gaskiya, a kuma sake hoto a tsaye don a ga ko karkatar na ƙaruwa. In sun gaza, ƙafar na da laushi, jikinki lafiya, ga mai taimako a gida, to gyaran ƙashi da dashen jijiya, kuma kada a ja lokaci. In ta ƙage tana ciwo, haɗewa, amma ko a nan takalmin gyara mai kama idon sawu yana iya riƙe tsohuwar da ba ta tafiya mai nisa har tsawon rayuwarta ba tare da wuƙa ba, kuma wannan ba gazawa ba ce. In karkatar ta haura har gaɓar idon sawu, maganar ta fi haka girma, ƙwararren likitan ƙafa kaɗai zai yanke ta.

Kafin ki sa hannu a takarda, tambayi likitan ayyuka nawa irin wannan yake yi a shekara, domin gwanin ɗaure karayar haɗarin babur ba lallai ne ya saba da wannan ba, kuma likitan kirki ba ya jin haushin tambayar. Tambaye shi wanne ƙashi zai yanke, wace gaɓa zai haɗe, ko kuɗin kusoshi na cikin lissafin, da wanda zai duba ki in ciwon ya fara ruwa bayan kin koma gida. Mai sukari kuma da ta ga ƙafarta ta kumbura farat ɗaya, ta yi zafi a hannu, ta yi ja, tafin na sauka cikin 'yan makonni ba tare da ciwo mai yawa ba, wannan ba lalurar da muke magana a kai ba ce. Ƙasusuwan ne ke rugujewa saboda ƙafar ta daina ji. Ta daina taka ta nan take, a kai ta asibiti a ranar.